Gani ya kori ji: lasifikar ɗaki da kunnen ɗiyanmu



Da kaina zan fara, kada a ce mai laifi ya hau mumbari yana nuna wasu da yatsa. Shekara 3 ke nan da na shiga babbar kasuwar Maraɗi da albashi a aljihu, na fito da kwali ɗaure a bayan kabu-kabu. Cikin kwalin akwai abin nan da ƴan kasuwa ke kira bafil: dogayen lasifika 2, kowace ta kai tsawon yaro ɗan shekara 7, da wani jibgegen akwati na ƙasa mai gurnani, da fitilu ja da shuɗi masu bin kiɗa. A jikin kwalin an rubuta 5000 W da manyan lambobi. Jikka 65 na ƙirga na ba mai shago, na nufo gida ina jin kaina kamar wanda ya sayo ingarma.

Ban gama kwance igiya ba gardama ta tashi. Uwargida ta dube su sama da ƙasa ta ce: "Malam, waɗannan turakun ba za su tsaya mani tsakar salon ba. In dai dole ne, dogayen su koma bayan kujeru, akwatin ya shiga cikin bife kusa da tangaran, in rufa masu ƙyalle saboda ƙura." Ni kuma na kafe a kan lungu, don na ji an ce nan ƙara ta fi fitowa. Kwana 2 muna ja-in-ja, ita tana kare kyan ɗakinta, ni ina kare ƙarar kayana. Abin da ke ba ni kunya yau shi ne, cikin kwanakin nan babu ɗayanmu da ya ambaci yara 4 da ke baje kaye da bik a kan tabarmar salon ɗin bayan magariba, suke kuma kwana a ɗakin da bango ɗaya ya raba shi da wurin.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Da wata ma'ana suka faɗe ta, amma a gidajenmu na yau maganar ta faɗo daidai yadda take: da ido muke sayen kayan sauraro. Muna auna tsawo, muna ƙirga fitilu, muna tunanin abin da baƙo zai ce in ya yaye labule. Ra'ayina, kuma a kansa nake tsaye, shi ne babbar lasifika cikin ƙaramin ɗaki asara ce hawa 3. Ba ta ba da daɗin sauti, tana cinye filin ɗaki, sannan cikon kuɗinta yara ke biya, da barcinsu da karatunsu da kunnensu.

Ƙara daban, daɗin sauti daban

Mu fara da ƙaryar da ke jikin kwali. Duk mai irin wannan kaya ya tashi yanzu ya juya bayan akwatin, ya karanta ƴar takardar da ke manne kusa da inda wayar kuran ke shiga. A jikin nawa an rubuta yana shan wat 60. To, ina 5000 ta fito? Tulun da aka zuba wa ruwa kwano 1 ba ya tsiyayo da kwano 80. Na'ura ba ta iya ɗorewa tana fitar da ƙarfin da ya wuce wanda take sha daga bango. Waccan babbar lamba, wadda sau da yawa za ka ga haruffan PMPO a gefenta, lissafin talla ne. Babu ƙa'ida ɗaya da ta ɗaure masu ƙera kaya a kanta, kowa na rubuta abin da ya ga zai ja ido. Lambar da ke kusa da gaskiya ita ce mai haruffan RMS, kuma ita ake ɓoyewa cikin ƙananan baƙaƙe, in ma an rubuta ta.

Na biyu, ko da wat ɗin na gaskiya ne, kunne ba ya ƙirga shi yadda aljihu ke ƙirga kuɗi. Da ma'aunin desibel ake auna ƙarfin sauti. In ka ninka wat sau 2, desibel 3 kaɗai ka ƙara, kuma bambancin da kunne zai ji kaɗan ne. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ƙara kamar desibel 10, wato ka ninka wat sau 10. Ɗakin zama irin namu, mai mita 4 da mita 4 ko 5, wat ƙalilan sun ishe shi ya cika da sauti. Sauran ƙarfin da ka biya kuɗinsa yana zaune banza, ranar da ka sake shi kuma ya zama cuta.

Na uku, mene ne ma daɗin sauti? Shi ne ka ji kowane abu a gurbinsa. Ka sa Ɗan Maraya Jos, ka ji tsirkiyar kuntiginsa guda ɗaya tana tafiya daban, muryarsa daban. Ka sa Shata, ka ji kalangu na magana, ka gane inda makaɗi ya matse da inda ya sassauta. Ka sa gurumin Maman Barka, ka ji yatsa na sauka. Ka sa karatun Alƙur'ani, ka ji mai karatu na fitar da kowane harafi daga mafitarsa. Kunnen matashi mai lafiya na jin kaɗawar iska daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, amma abin da ke rarrabe magana, irin su s da sh da ts da f, yana can sama, daga wajen 2,000 zuwa gaba. Manyan bafil masu arha kuwa ƙarfinsu a ƙasa yake, wurin gurnani, don shi ke kaɗa ƙirji a cikin shago ya sa mai saye ya zaro kuɗi. In an zo gida sai gurnanin ya haɗiye kalma. Shi ya sa za ka ga ana kallon fim ɗin Hausa, ƙara har bakin titi, amma kowane minti wani na tambaya: "Me ta ce?" Sai a ƙara murɗa maɓalli, gurnani ya ƙaru, kalma ta ƙara nutsewa.

Ɗakin ma abin kiɗa ne

Abin da ni da uwargida ba mu sani ba ranar gardamarmu shi ne, kaso mai yawa na abin da kunne ke ji cikin ɗaki daga bango yake dawowa. Iyayenmu sun zauna cikin soron ƙasa mai rufin azara, da tabarmi da buzu da labulen saƙi. Irin wannan ɗaki yana lausasa sauti. Mu kuma mun koma siminti mai santsi, karo a ƙasa, kwano a sama, taga ta gilashi, tebur na gilashi. Duk abu mai tauri da santsi yana mayar da sauti yadda bango ke mayar da ƙwallo. Ka shiga sabon ɗaki da ba a sa wa kaya ba, ka tafa hannu sau ɗaya, ka ji yadda ɗakin zai amsa maka. Malamai sun fi kowa sanin wannan. Duk wanda ya koyar a ajin zana, ya kuma koyar a ajin siminti mai rufin kwano tsirara, ya san a wane ne surutun yara ke ninkuwa har muryarsa ta dishe kafin azahar.

Lungun da na kafe a kai, wuri ne da bango 2 da ƙasa suka haɗu, suna tara gurnani suna ƙara mashi ƙarfi. Gurnani kuwa shi ya fi ratsa gini. Sautin sama bango na tare shi, na ƙasa sai ya bi siminti ya shiga ɗakin yara da na maƙwabci. Dalilin ke nan da maƙwabcinka ba ya jin waƙar da ka sa, dum-dum kaɗai ke isa gare shi. Shawarar uwargida ma ba magani ba ce. Cikin bife katako da gilashi da tangaran za su kama rawa tare, ka riƙa jin zirr-zirr ƙarƙashin kowace kalma. Bayan kujera da ƙyalle mai kauri suna tare sautin sama, wanda shi ke ɗauke da magana. Sannan na'urar da ke ɗaukar zafi, a rufe ta cikin katako a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ai an haƙa mata kabari. Ashe dukanmu mun yi kuskure. Wurin da na zaɓa ya fi cutar da yara, wurin da ta zaɓa ya fi kashe sauti da na'ura.

Daga baya na gano cewa kyan ɗaki da daɗin sauti ba kishiyoyi ba ne, girman kayan ne ya haɗa su faɗa. Labule mai kauri, darduma, kujeru masu laushi, kantar littattafai, duk abin da mace ke so don ƙawa, su ne ke gyara sautin ɗaki. Ƙananan lasifika 2, kowace ba ta wuce girman ƙamus ɗin da ke kan teburin mushe ba, a aza su daidai tsayin kunnen mai zaune, su fuskanci kujera, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da nisansu daga mai sauraro, a ɗan janye su daga bango kamar taƙi 1 ko 2: wannan tsari ya fi dogayen turaku fitar da kalma, bai tare hanya ba, ba ya faɗo wa mai rarrafe, kuma mai shara ba ta zaginsa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Yarinyar da ke barci a aji

Ba karatun littafi ne ya farkar da ni ba. Wata yarinya ce a ajina na CM2. Tana da kai, lissafinta lafiya lau, amma dikte kullum jan bik ya cika shafi, kuma kafin ƙarfe 10 kanta na kan tebur. Na yi faɗa, na sa ta tsayuwa, har na rubuta cikin takardarta cewa ba ta ƙoƙari, Allah ya yafe mani. Wata rana bayan magariba na tafi gidansu in gana da mahaifinta. Tun daga bakin zaure na ji ƙasa na motsi. Sallama 3 ba a ji ba, sai da na aiki yaro. Na tarar da ita kwance rub da ciki, kaye a gabanta, taku 2 tsakaninta da lasifika irin tawa sak, yayyenta na kallon fim. Mahaifin mutumin kirki ne, ya tarbe ni da ruwa da girmamawa. Da na kawo maganar ƙara sai ya yi dariya ya ce: "Ai Mushe, sun saba. Ko ganga ake kaɗa masu a ka, barcinsu suke yi." Na ce: "Alhaji, ƙarfe nawa ake kashewa?" Ya ce: "Sai in kuran ya ɗauke."

Na koma gida da niyyar ba uwargida labarin sakacin wasu. Ina sa ƙafa cikin zaure na ji tawa ƙasar na motsi. Ɗana na biyu na kan tabarma, ya toshe kunne ɗaya da tafin hannu, yana haddar darasin gobe.

"Sun saba." Wannan kalma nake so mu haɗu mu yi wa jana'iza. Bakin yaro ne ya saba, ya daina ƙorafi. Kunne ba ya sabawa. Can cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ke mayar da kaɗawar iska ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kwantar da su, in ta daɗe ta kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Babu allura, babu rubutun sha da ke dawo da shi. Waɗanda suka fi saurin lalacewa su ne masu jin sautin sama, wajen 4,000, wato yankin baƙaƙen da ke raba kalma da kalma. Yaro zai ji mushe na magana, amma sara da tsara da shara su cakuɗe mashi. In haka ta same shi a harshen da ya sha a nono, ina ga faransancin da ba a yi a gidansu?

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ce matasa sama da miliyan 1,000 masu shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga babba, ga yara kuma desibel 75. Kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10, in aka kai 95 awa 1 da kwata ke nan a mako guda cur. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Wanda ba ya da abin awo, ga gwaji mai sauƙi: in mutum na tsaye gabanka nisan miƙa hannu, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, ƙarar wurin ta shiga yankin haɗari. Ka yi wannan gwajin a salon ɗinka daren yau.

Ko ƙarar ba ta kai ta lalata kunne ba, tana satar karatu da barci. Ita OMS ɗin ta ba da shawarar kada hayaniyar cikin aji ta wuce desibel 35, ta ɗakin barci da dare kuma kada ta wuce 30. A 1975 wata mai bincike, Arline Bronzaft, ta fitar da sakamakon aikin da ta yi a wata makarantar firamare ta birnin New York a Amurka, wadda layin dogo ya bi ta gefenta. Yaran ajujuwan da ke fuskantar jirgi sun kasance baya a karatu, ƴan aji 6 da kusan shekara guda, in an gwada su da ƴan uwansu na gefen da babu ƙara. Da aka sa roba a layin dogo, aka kuma sa abin shan sauti a rufin ajujuwan, aka sake aunawa, sai bambancin ya gushe. Jirginsu yana wucewa ne ya tafi. Namu jirgin yana tsaye cikin salon daga magariba har ƙarfe 11 na dare.

Ban ce lasifika kaɗai ke raunana jin yara ba. Ƙasarmu na cikin yankin sanƙarau, wanda ke barin wasu da kurumta. Ga ƙyanda, ga ciwon kunne mai zubar da mugunya da ake sakaci da shi. Amma waɗannan ba da gayyata suke zuwa ba. Wannan kuwa mu muka ƙirga kuɗi muka saye shi, muka ɗauro shi a kabu-kabu.

Na san abin da za a ce mani

Wani zai ce: "Gidana ne, kuɗina ne." Gaskiya ne. Amma kunnen yaro ba naka ba ne, amana ce aka ba ka. Sannan sauti bai san iyakar fili ba. Bayan katangarka akwai tsoho mai hawan jini, akwai mai jego, akwai ɗalibin da ke shirin BEPC ko BAC, wanda zafin Mayu ya koro daga ɗaki ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci, kuma cikin nasihar da Luƙman ya yi wa ɗansa har da sassauta murya. In an ja kunnen mutum a kan muryar da Allah ya ba shi, ina ga wadda ya sayo a kasuwa?

Wani zai ce: "Ni wa'azi da karatu kaɗai nake sawa." Allah ya ba da lada. Sai dai ƙwayoyin kunne ba su rarrabe wa'azi da waƙa, desibel 95 sunansa desibel 95. Kuma karatun da gurnani ya lulluɓe haruffansa, yara na wasa, mata na hira suna ihu don su ji juna, ban ga girmamawar da aka yi mashi ba.

Wata za ta ce: "Ɗakin amarya ba ya cika sai da shi." Nan rigimata ta gaskiya take, da iyaye mata da maza baki ɗaya. Gado, katifa, bife, kujeru, tele, yanzu kuma bafil ya shiga jerin kayan ɗaki. Uba ya sayar da tunkiya ko ya ci bashi, don ƴan ganin ɗaki su zo su ƙirga su tafi. Sau da yawa ɗakin ciki da salon ne, wani lokaci ma ɗaki ɗaya tal. Bayan shekara a haifi jariri, a kwantar da shi taku 2 daga akwatin gurnani. Iyayenmu mata sun yi jeren kwalla da langa, ba su cutar da kowa ba, ranar wuya kuma a ɗauki ɗaya a sayar. Wannan kuwa ƙurar hunturu ta shige shi, kuran ya yi sama da ƙasa ya ƙona shi, kafin a yaye jaririn ya zama teburin ajiye kofi. Da kuɗinsa ana iya sayen ƙaramin faifan sola da fitila da fanka. Duk mun ga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke kuran da take ba mu. Gidan da ke da fitilar sola da ƙaramar rediyo mai batir, yara sun yi karatu, manya sun ji labarai. Dogayen bafil kuwa suka tsaya shiru cikin duhu ana tuntuɓe da su. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wani kuma zai ce: "Mushe, ka cika tsanani, mutane na son nishaɗi." Ni ma ina son kiɗa, don shi na kashe jikka 65. Ranar biki ko suna a yi hayar manyan kaya na yini guda, a kafa su a fili, a nisanta yara daga bakinsu. A fili, duk lokacin da ka ninka nisa ƙara na raguwa da kamar desibel 6, abin da bango 4 ba su bari ya faru sosai. Amma ba a sayen raƙumi don tafiyar yini ɗaya sannan a ɗaure shi cikin ɗaki shekara da shekaru. Tun shekarun 1960 ƙasar nan ta san kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari ke kewaye ƙaramar rediyo ɗaya, su saurara, su yi muhawara. Ba wat suka fi mu ba, shiru suka fi mu.

Abin da nake roƙo

Ga iyaye, abu 5 ne.

1. Ka saya da kunne. Ka je shago da muryar da ka sani cikin wayarka, labarai ko karatu, ka ce a sa da ƙaramar ƙara, ka rufe ido. Lasifikar da ba ta fitar da kalma a hankali ba, ihu ba zai gyara ta ba. Ka juya baya ka karanta ƴar takarda, ka rabu da lambar kwali.

2. In ka riga ka saya, fito da shi daga lungu, nisanta shi da bangon ɗakin barcin yara, rage maɓallin gurnani, shimfiɗa darduma, rataya labule. Ƙyallen ƙura a rufa shi bayan an kashe na'ura ta huce.

3. Nemo inda maɓallin ƙara ke tsayawa har ku iya hira ba ɗaga murya, ka sa mashi alama da fenti. Wannan ce iyakar gida, kuma ta hau kan mai gida kafin kowa.

4. A yanka lokacin shiru. Awa 2 bayan magariba na karatu ne, daga ƙarfe 10 kuma na barci ne.

5. Kada a kashe bafil a miƙa wa yaro ƴan igiyoyin nan na kunne ya kwana da su. Wannan ɗauke ƙarar ne daga ɗaki a zuba ta cikin kansa.

Ga ƴan uwana malamai, mu ma da namu laifin. A bikin ƙarshen shekara mu ke hayar manyan lasifika, mu jera ƴan CI a sahun gaba dab da bakinsu, wai don su ne gajeru. Mu daina. Kafin mu rubuta wa yaro cewa ba ya ƙoƙari, mu tambaye shi ina yake karatu da dare, me ke kunne a wurin, ƙarfe nawa yake kwanciya. Mu lura da mai yawan cewa "na'am?", da mai juyo kunne ɗaya, da mai kallon bakinmu in muna dikte, da mai cewa kunnensa na ƙugi. Mu dawo da shi gaba, mu kira iyayensa su kai shi likita a duba kunnen. A taron iyayen yara mu ware minti 10 don wannan magana. Ranar 3 ga Maris ita ce ranar ji ta duniya, darasi guda a ranar bai fi ƙarfinmu ba.

Mahaifin yarinyar nan, Allah ya saka mashi da alheri, ya yarda a riƙa kashe kaya daga magariba zuwa ƙarfe 9, a kuma rage ƙara bayan nan. Ni kuma na dawo da ita tebur na gaba. Ba zan ce ta zama ta ɗaya ba, amma barcin aji ya ragu, jan bik ma ya fara barin farin wuri a shafinta. Nawa turakun na sayar da su ga wani mai hayar kayan biki a kan jikka 30, na haɗiye asarar, na sayo ƙanana 2. Uwargida ta karɓe lungunta ta ajiye keken ɗinki. Daren farko da na sa mata Shata a hankali, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce: "Malam, ashe haka kalangun nan ke magana?"

Muna yawan gaya wa yara cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, mu fara tsirar da kunnen. Yau bayan magariba, kafin ka taɓa maɓalli, dubi wanda ke kan tabarma.